Sa ko Karsana: Abin Lura Kafin Ƙungiya Ta Zuba Kuɗin Asusu a Shanu

 Wannan darasi na ƙungiyoyin da asusunsu ya yi ƙarfi ne, har sun fara cewa akuya da tunkiya sun yi musu kaɗan, suna so su gwada shanu. Buri ne mai kyau, kuma ina goyon baya. Sai dai akuya idan ta mutu, mace ɗaya ce za ta yi jimami na kwana biyu. Sa idan ya mutu, guminku ne ku ashirin ko ashirin da biyar ya kwanta a turke ɗaya. Shi ya sa nake so mu tauna maganar sosai kafin a buɗe makullan akwati.

Lokacin asusu daban, lokacin saniya daban

Irin wannan tsarin asusu namu ya samo asali ne daga Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan yankin Maraɗi a Nijar a 1991. Tun daga can ƙa'idarsa ita ce a yi zubi na kamar shekara guda, a zo ranar rabo, kowacce ta ɗauki nata. To saniya ba ta san ranar rabo ba. Cikinta wata 9 ne da 'yan kwanaki. Karsanar da ake kiwo irin na gargajiya takan kai shekara 4, wata ma ta haura, kafin haihuwar fari. Bayan ta haihu kuma, idan abinci bai wadace ta ba, sai ta yi kusan shekara 2 kafin ta sake. Maraƙin ma sai ya shekara biyu ko uku kafin ya yi kuɗin kirki. Kun ga ke nan wadda ta sayi karsana da kuɗin da za a raba bana, ta ɗaure kuɗin mutane. Ranar rabo za a zo ana kallon-kallo, ƙarshenta a ja dabbar kasuwa a sayar da ita yadda ta samu.

Sa na turka kuwa, wata 3 zuwa 4 ya ishe shi ya yi ƙiba a sayar. Shi ne ya dace da kuɗin zango ɗaya. Ban ce kada a sayi karsana ba, zan zo kanta a gaba. Abin da nake cewa shi ne, karsana da kuɗin da aka ware daban ake sayenta, wanda kowa ta amince ba za a taɓa shi ba sai bayan shekaru.

Abinci kafin dabba

A ƙasarmu ta Dambatta, Makoɗa, Kunci, Tsanyawa da Bichi, gona na jikin gona. Da damina babu inda za a saki saniya ba ta shiga shukar wani ba, burtalin ma ya tsuke. Don haka duk abin da san nan zai ci, ku za ku kawo masa har turke. Kuskuren da na fi gani shi ne a kwashe kuɗi kaf a sayi babban sa don a burge, a kawo shi gida, sannan a fara tambayar me zai ci. Ni shawarata, a raba kuɗin gida uku: kashi biyu na sayen sa, kashi ɗaya na abinci da magani da la'adar dillali da kuɗin mota. Idan kashi biyun bai kai kuɗin babban sa ba, a sayi madaidaici. Madaidaici mai ƙoshi ya fi ƙato mai yunwa.

Ku lura da kalanda kuma. Babbar Sallah tana matsowa baya da kamar kwana 11 kowace shekara. A 2025 farkon watan Yuni aka yi ta. Wato duk mai turka don kasuwar Sallah da masu watanda a 'yan shekarun nan, tsakiyar rani da bazara za ta yi kiwonta, lokacin da harawa ta fi tsada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da kaka ake sayen harawar wake da ta gyaɗa da kowa da kara, a ɗora a rumfa ko a kan ɗaki inda gara da ruwa ba za su taɓa ba. Harawar da ta yi funfuna a zubar, ba abinci ba ce.

Dusa a hankali ake saba wa sa da ita. Wanda ya fito daga daji ciyawa cikinsa ya sani. Idan kika cika masa kwano da dusar masara ko ta alkama ranar farko, sai cikinsa ya ɓaci, ya kama zawo, ya ƙi cin komai, wani ma ya kwanta. A fara da ɗan kaɗan, ana ƙarawa har mako biyu, kuma kullum a fara ba shi harawa ko kara kafin dusa. Ƙuli-ƙuli ko ƙulin auduga kaɗan yana taimakawa wajen gina tsoka. A ajiye masa gishiri da kanwa. Ruwa kuwa, da zafin bazara babban sa yakan sha lita 40, jarka biyu ke nan, har ya nemi ƙari. Idan rijiya ko famfo na da nisa, ku sa kuɗin 'yan garuwa a lissafi tun yanzu. A yi masa rumfa, kada a bar shi a rana tsaka.

Abu biyu ne a tsakar gida da bakin gona suke kashe dabba ba tare da wata cuta ba. Na ɗaya leda. Saniya ba ta tantancewa, takan haɗiye leda da tsumma da igiyar buhu, su dunƙule a tumbinta, tana ci tana ramewa, kuma babu maganin sha da ke narkar da su. A share wurin turke kullum, a hana yara jefa ledar fiya-wata da ta alawa a wurin. Na biyu gyauron dawa da ɗanyar dawa ƙarama, musamman wadda fari ya taɓa, tana da guba da ke iya kashe saniya cikin sa'o'i kaɗan.

Ranar kasuwa

Yawancinmu ba mu za mu shiga kara ba. Miji ne ko ɗa ko ƙane za a aika Dambatta ranar Lahadi, ko Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a. To kada a aika mutum ɗaya. A haɗa biyu daga gidaje daban-daban, ɗaya ya san shanu, kuma a gaya musu abin da ƙungiya take so dalla-dalla.

Su buɗe bakinsa su duba haƙora. Saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, guda 8 ne a ƙasa. Na maraƙi ƙanana ne. Wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi manya biyu na tsakiya suke fitowa, daga nan ana ƙara bibbiyu har baki ya cika wajen shekara 4 zuwa 5. Na turka, mai manyan haƙora biyu ko huɗu ya fi: ya yi ƙashi, saura nama. Ƙarami sosai abincinku zai tafi wajen girma, tsoho mai zaizayayyun haƙora kuma ba ya iya tauna da kyau. A nemi mai faɗin ƙirji da dogon jiki, wanda ramarsa ta yunwa ce. Hancinsa da danshi, idonsa garau, yana tuƙa, fatarsa babu kirci, ba ya ɗingishi. Su sa a zagaya da shi da ɗan sauri, sannan su tsaya su saurara. Idan ya yi tari ko numfashinsa ya ƙi daidaita, su bar shi ko da rabin kuɗi aka ce. Araha ba ta ado.

Bunaji, farin nan mai baƙin hanci da kunne, shi ya fi yawa a wajenmu kuma yana da juriya. Bokolo mai gajeren ƙaho ko marar ƙaho yana da sanyin hali da cikar jiki, ya dace da gidan da mata da yara za su kula da shi. Rahaji ja mai dogon ƙaho na tafiya ne, zaman turke ba ya yi masa daɗi, ga shi da wuyar sha'ani.

Idan an kawo shi, a ɗaure shi nesa da sauran shanu na mako 2 zuwa 3, da kwanon ruwansa daban. Kara mahaɗar dabbobin ƙasashe ce, wanda ya kwaso cuta ranar kasuwa ba ranar za ta nuna ba. A cikin waɗannan kwanaki a kira malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki da na hanta, a cire masa kaska, a yi masa rigakafin da ya kamata. Malamin ake bari ya ƙiyasta nauyinsa ya faɗi awon magani. Kuma don Allah kada a wanke dabba da fiya-fiya ko maganin feshin gona don kashe kaska. Yana ratsa fata, yana kashe dabbar, yana cutar da mai wankin.

Cututtukan da ya kamata kowacce ta gane

Tsofaffinmu suna tuna bushiya, wadda ta share garkuna a ƙasar nan a 1983. Yau babu ita a duniya baki ɗaya, a 2011 aka tabbatar da haka, kuma allurar rigakafi ce ta kawar da ita. Ina kawo wannan ne saboda masu cewa allura tana sa dabba ta rame ko ta ƙi haihuwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin alluran rigakafin shanu, kuma a jihar Kano an sha yin gangamin rigakafi kyauta, har da na shirin KSADP. Ku sa sakatariya ta riƙa tambaya a sashen noma na ƙaramar hukuma ko wajen mai unguwa, don ranar da masu allura za su zo kada ta wuce ku.

Ciwon huhu shi ne babban abin tsoro. Ta numfashi yake yaɗuwa. Dabbar takan tsaya ta miƙa wuya, ta ware ƙafafun gaba, tana nishi da tari. Wadda ta warke ma tana iya ci gaba da ɗauke da cutar tana shafa wa wasu. Rigakafinsa duk shekara ne.

Boru yana zuwa da dalalar yawu da gyambo a baki da tsakanin kofato. Bai cika kashe babba ba, amma yana zubar da ƙibar wata biyu a mako ɗaya, kuma yana kashe 'yan maruƙa. Idan ya shigo gari, a daina kai dabba mashaya ta kowa da kowa, a hana masu zuwa kallo taɓa ta. Wadda ta kamu a wanke mata baki da ruwan gishiri ko na kanwa, a ba ta jiƙaƙƙiyar dusa da ganye mai laushi.

Hanta ta fi damun na kusa da ruwa: Tomas, Gari, Watari da fadamun da ke kewaye da su. Ƙwayar cutar a jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi take girma, ta fito ta manne a ciyawar bakin ruwa. Ciyawar nan kore shar da yara ke yankowa da rani, ita ce hanyarta. Dabbar takan rame a hankali, cikin idonta ya yi fari, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura. Ba kowane maganin tsutsa ne yake kashe ta hanta ba, sai a faɗa wa malamin daga inda ciyawarku take zuwa.

Harbin daji matasan shanu masu jiki yake kamawa, galibi da damina. Cinya ko kafaɗa ta kumbura, idan an danna a ji tana ƙara kamar takarda, kwana ɗaya ko biyu dabba ta tafi. Yana da rigakafi.

Wanda zan ja hankali a kai sosai shi ne ciwon saifa. Dabba lafiya lau da dare, da safe a tarar ta mutu, baƙin jini yana fita ta hanci ko ta dubura, jinin kuma ba ya daskarewa. Na san abin da ke zuwa zuciya a irin wannan lokaci: a yi maza a kira mahauci ko rabin kuɗin a tsira da shi. Kada a yi. Kada a yanka, kada a feɗe, kada a ci, kada a sayar da fatar. Cutar tana kama mutum, kuma idan aka buɗe gawar, ƙwayoyinta sukan zauna a ƙasar wurin shekaru masu yawa. A sanar da malamin dabbobi, a haƙa rami mai zurfi a binne. A watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja ta jihar Neja, ba labarin da ba ne.

Magana ɗaya kan allura. Yawancin magungunan dabbobi suna da kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a sha nono, a jikin kwalba ake rubutawa, wani yakan kai mako 3 ko 4. San da aka yi wa allura jiya ba na kasuwar gobe ba ne. Naman nan 'ya'yan wasu ne za su ci.

Idan ƙungiya ta zaɓi karsana

Ribar saniya mace a hankali take zuwa: maraƙi, ɗan nono, da taki na gona duk shekara. Asararta kuma ba a ganinta da ido. Duk watan da ta yi tana ci babu ciki, kuɗi ne ke fita. Don haka aikinku biyu ne, ta ƙoshi, kuma kada lokacin barbararta ya wuce ku.

Saniyar da ƙasusuwan haƙarƙarinta suka fito ba ta neman sa. Ba asiri ba ne, ba baki ba ne, yunwa ce. Mai jiki kuwa, duk kwana 21 ko kusa da haka take nema, kuma neman ba ya daɗewa, sau da yawa bai kai yini ɗaya ba, wani lokaci ma da dare yake zuwa. A garke bijimi ne yake ganewa. A turken gida ke ce bijimin, ke za ki sa ido safe da yamma. Za ki ga ta ƙi natsuwa, tana yawan kuka, ta rage ci, gabanta ya ɗan kumbura yana zubar da yauƙi fari kamar farin ƙwai, tana hawan wasu ko tana tsayawa a hau ta. Ranar za a kai ta, ba gobe ba. Saboda haka tun kafin lokacin a san bijimin wa za a je wa, a gama magana da mai shi.

A zaɓi bijimi lafiyayye mai kyan ƙira, kuma kada ya zama ubanta ko ɗan'uwanta, domin hakan yana kawo 'ya'ya raunana. A tambaya ko shanun garken suna yawan ɓari. Akwai cutar da makiyaya ke kira bakkale, tana sa ɓari idan ciki ya tsufa, tana kawo kumburi a gwiwa, kuma tana kama mutane ta ɗanyen nono da taɓa abin da aka ɓarar. Idan saniya ta yi ɓari, a sa leda a hannu kafin a taɓa, a binne ɗan da mahaifar, mai juna biyu kada ta matso. Madara kuma a tafasa ta kafin a sha ko a yi kindirmo.

Wasu za su ba ku shawarar a yi mata allurar maniyyin shanun Turawa. Ana yi, akwai cibiyar hakan a Kadawa, kuma cibiyar NAPRI ta Shika kusa da Zariya ta daɗe tana haɗa Bunaji da shanun madara na waje. 'Ya'yan suna da nono da saurin girma. Amma cinsu ya fi, zafi da kaska sun fi damunsu, kuma suna son malamin dabbobi a kusa. A ganina ƙungiyar da ba ta taɓa raino maraƙin gida ya girma ba, ta fara da na gida tukuna.

A rubuta ranar barbara. Idan kwana 21 suka zagayo ba ta sake nema ba, ana kyautata zaton ta ɗauka, bayan wata 2 ko 3 malamin dabbobi ya tabbatar. Daga ranar duk wanda zai ba ta magani a gaya masa tana da ciki, saboda akwai maganin tsutsa da ba a ba mai ƙaramin ciki, akwai kuma allurar da ke zubar da tsohon ciki. Wadda aka yi wa barbara a Satumba ko Oktoba, lokacin da take da jiki bayan damina, za ta haihu a Yuni ko Yuli, ta tarar da sabuwar ciyawa. Wannan ya fi mata haihuwar tsakiyar rani, kuma ya fi wa aljihunku.

Ranar haihuwa a ba ta wuri mai tsabta, a ƙyale ta. Daidai shi ne ƙafafun gaba biyu su fito, hanci na bisansu. Idan ta yi kamar awa 2 tana yunƙuri babu ci gaba, ko aka ga wutsiya ko ƙafa ɗaya, a nemi wanda ya iya, kada a tara maza su ja da ƙarfi. Maraƙi ya sha dakashi cikin awa 6 na farko, shi ne rigakafinsa na farko, kada a tatse a zubar don an ga launinsa daban. A shafa aidin a cibiya. Mahaifa takan faɗo da kanta cikin rabin yini. Idan ta kwana ba ta faɗo ba a kira malami, ban da ja, ban da ɗaura mata dutse. Kuma a watannin farko kada kwaɗayin nono ya sa a tatse uwar tas, maraƙin shi ne jarin.

Karsanar da ta ƙoshi, aka kai ta wajen bijimi sau uku ko huɗu ba ta ɗauka ba, a sa a duba ta. Idan babu gyara, a turke ta ta yi ƙiba a sayar, a sayi wata. Kada sabo ya hana.

Wa zai riƙe igiya?

Dabbar ta ƙungiya ce, amma a gidan mutum ɗaya za ta kwana. Na san wata ƙungiya da sansu ya yi kyau, aka sayar da riba, amma suka watse saboda ba a faɗi tun farko ko nawa ne ladan wadda ta yi wata huɗu tana ɗebo ruwa da kwashe kashi ba. A zauna a gaban kowa a rubuta: gidan wa, mijinta ya amince, kason da za ta samu a riba, wa ke da taki, wa ke da ikon kiran malamin dabbobi da dare ba sai an jira ranar taro ba, kuma nawa ma'aji za ta iya fitarwa nan take. A rubuta cewa idan dabba ta mutu ko aka sace ba da sakacin mai riƙo ba, asarar ta kowa ce. Idan kuma wajen makiyayi za a kai karsana, a yi maganar a gaban mai unguwa ko ardo, a bayyana na wane ne nono, na wane ne maraƙi, da inda zai kai ta da rani.

Sakatariya ta ware shafi a littafi: ranar saye da kuɗin, kamannin dabbar, kowane buhun dusa, kowace allura da sunanta da ranar da aka yi, ranar barbara, ranar da ake sa ran haihuwa. Duk mako mata biyu, ba kullum su ɗin ba, su je su gan ta da idonsu, su kawo bayani a taro kafin a fara zubi.